Tsumma a Ƙasan Sanda

Ƙanwata, autar gidanmu, tela ce. Tun tana yarinya tafiyarta ba ta da sauti, sai dai ka waiga ka gan ta tsaye a bayanka. Da wannan tafiyar ta riƙe aurenta. Mijinta kafinta ne, hannunsa na da kyau in yana cikin hayyacinsa, amma ya daɗe yana shan maganin tarin nan mai sa maye. Yana da ɗakin ajiye katako a ƙuryar gidan, can yake shigewa ya turo ƙofa. Ita kuma ta ajiye almakashi, ta lallaɓa, ta cafke kwalbar a hannunsa. Haka ta yi ta fama har ya yarda ya fara zuwa asibiti, inda ake zaunar da irinsu ana yi musu magana. Ya fara cika wando, ya daina gyangyaɗi a kan kwanon abinci.

Ana cikin haka mai babur ya kwashe ta a bakin titi. Cinya ta karye, aka sa mata ƙarfe, aka sallamo ta da sanduna biyu na dogarawa. A gabana likita ya ce in ta faɗi a kan ƙafar nan kafin ƙashi ya kama, to sai keken guragu. Shi ya sa nake baro gidana kullum in yi mata girki da wanki.

Sandunan sun ba ta wahala. Hammata ta saɓule, tafin hannu ya yi kanta, ko kofin ruwa ba ta iya ɗauka. Duk wannan bai sa ta ƙorafi ba. Ƙarar sandar ce ta hana ta sakat. Ƙwas, ƙwas, a kan siminti, tun daga ɗaki har tsakar gida.

"Yaya, kamar an ɗaura mini ƙararrawa," in ji ta. "Kafin in isa ya shanye ya kurkure baki."

"Kin gan shi ya sha?"

"Ta ina zan gani?"

Na ce ta zauna ta yi jinyar ƙafarta, ƙato ne ba goyo ba. Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata na san shi tun muna yara.

Washegari na tarar ta naɗe ƙasan sandunan da ƙyallaye, ta ɗaure tam da zare, har da zaɓen kala. Robar da aka sa don kada sanda ta zame, ita ta rufe. Na warware na zuba a shara. Kafin in dawo cefane ta naɗa wasu. Gidan tela ne, ƙyalle ba ya ƙarewa.

Na tare kafinta a bakin ƙofa na ce ya hana matarsa wannan haukan. Ya sunkuyar da kai.

"Na ga tsumman, Yaya. In na yi magana za ta ce ina da abin ɓoyewa."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ranar da abin ya faru ina shanya, ruwan wanki ya bi tsakar gida. Kafinta ya shiga ɗakin katakonsa ya turo ƙofa. Ban ji fitowarta ba, ai ta biya buƙata. Tsumma ya sha ruwa, sanda ta yi gaba, ita ta yi baya. Na yar da zanin hannuna na tare ta, muka zube tare, ni a ƙasa, ita a kaina.

Ya fito a guje da zarto a hannu. Matar nan tana kwance a kan haƙarƙarina, ba ta ce wayyo ƙafata ba.

"Maigida, matso. Huro mini bakinka."

Ya durƙusa ya hura mata. Babu komai.

Na ce ku ɗaga ni tukuna, ku biyun duk asibiti ɗaya ya kamace ku. Na faɗi abin da ke bakina, ban rage ba. Na ce in ta gurgunce, wa zai bi shi ɗakin katakon, ni?

Ya ɗauke ta ya zaunar a kujera, ya tsaya yana kallon ƙafar. Can ya koma ciki ya fito da kwalba, ba a fasa murfinta ba.

"Ban sha ba. Shiga nake in dube ta."

"Ka dube ta? Amaryarka ce?" na ce.

Ya tuttular da kwalbar a magudana, ya ɗauko sukuddireba ya kwance ƙofar ɗakin gaba ɗaya, ya jingine ta a bango. Ita ma ta miƙo hannu na ba ta almakashi, ta yanke tsumman da kanta.

Hoton da aka sake ɗauka ya nuna ƙarfen bai goce ba. Ni ce na yi ta shafa man zafi a kwiɓi, ba wanda ya ce mini sannu. Yanzu a tsakar gida take wuni, ƙafa a kan matashi, tana ɗinkin hannu, ido rabi a kan allura rabi a kan ɗakin da ba ƙofa. Shi yana ciki yana goge katako, duk abin da ya ɗauka a fili. In rana ta juyo sai ta kira ni.

"Yaya, ɗan ja mini kujerar. Ba can ba, daga can ba na hango shi."