Lasifikar da Ta Koma Caki

Shekarun baya can, ina saurayi a ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta, babu abin da ya shiga raina kamar haɗa akwatin lasifika. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Ranar kasuwa in zagaya wajen masu gyaran rediyo in tsinci lasifikar da aka cire daga matacciyar rikoda ko tsohuwar mota, in roƙi kafinta guntayen katako, in dawo gida in yi ta fama da zarto. Nakan kwaɓa gam da garin katako in toshe duk wata tsaga, in liƙa auduga a ciki, in rufe ruf. Kafa ɗaya nake bari a gaba, in zura mata guntun gora, don iska ta riƙa fita sauti ya yi kauri.

Mafi kyawun aikina su ne wasu akwatuna biyu masu tsawo, kowanne ya kai mini ƙugu. Ɗaya yana gefen katifata, ɗaya yana bayan ƙofa. In na jona su da rikoda da batirin mota, har ƙwaryar da ke rataye a tsakar gida sai ta yi rawa. Ni a ganina duk yankinmu babu injiniya kamata. Mahaifiyata kuwa kullum maganarta ɗaya ce: "Kai dai ka rage wannan gurnanin, kaji ma sun daina ƙwai."

Sai aka shiga shekarun wahala. Ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ba, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Mahaifinmu ya riga ya rasu, yayana ne ke riƙe da gidan, ga matarsa da 'ya'ya ƙanana, ga Inna, ga ni. Tun a masussuka suka sami saɓani. Inna ta ce a ware iri a ajiye gefe. Yaya ya ce to, aka ware, amma kafin bazara ta yi nisa shi da kansa ya sa aka daka shi, don tukunya ta kwana ba a ɗora ba. Ya ce, "Inna, mu kai ga damina da rai tukuna. Iri Allah zai kawo." 

Daga nan muka koma kunu sau ɗaya a yini, da kwaɗon zogale in an samu. Yara sukan yi ta kuka da yamma har su gaji. Ni ma na daina kunna kiɗa, kunya ba za ta bar ni ba.

Wata rana Yaya ya same ni a ɗaki. Ya ce akwai wani mai shayi a Tsanyawa da ke neman kayan sauti don ya tara mutane, kuma ya yarda ya ba da buhun dawa. Bai umarce ni ba, faɗa kawai ya yi ya kalli ƙasa. Na ce a kira shi. Abin mamaki, Inna da ke bakin ƙofa ita ce ta ce, "A'a, ku bar wa yaro kayansa." Muka juya muka kalle ta. Matar da ta shekara tana yaƙi da akwatunan nan, yau ita ce mai kare su.

Da suka fita sai na ce bari in gwada kayan kafin mai saye ya zo. Na gefen katifa ya fitar da sautinsa yadda na san shi. Na bayan ƙofa kuwa kaurin ya tafi, sai wani tsaki-tsaki a ƙasa, kamar ana kaɗa caki. Na ɗauka ɓera ne ya yi mini ɓarna. Na zo in jawo shi haske, na ji ya yi nauyin da ban san shi da shi ba. Na leƙa kafar, na ga ƙwayoyin gero guda-guda a cikin gorar, da ɗan farin toka.

Na sami Inna a bayan ɗakinta tana tsinke ganye. Na buɗe tafin hannuna na nuna mata. Ta kalla, ta ci gaba da aikinta.

"Irin mahaifinku ne," in ji ta. "Tun kaka nake ɗurawa da ludayi, duk sanda ka tafi kasuwa. Na ga ka toshe shi yadda ko tururuwa ba ta shiga."

Na ce, "Inna, me ya hana ki ɓoye a ɗakinki?"

Ta ce, "A ɗakina hannuna zai kai. Kana zaton ba na jin kukan yaran nan? Da yana ƙarƙashin gadona da tuni na daka musu. Nan kuwa ana zubawa ne, ba ya fitowa. Kada ka faɗa wa yayanka. Ba zai iya ba, kuma bai kamata a ce ya iya ba."

Kashegari mai shayi ya zo da abokinsa a kan babur. Na kunna na farko, ya gyaɗa kai. Na kunna na biyu, na ƙure murya da gangan, tsakin ya cika ɗakin. Ya yamutsa fuska.

"Malam, wannan ai ta fashe. Ka ce kai ka haɗa?"

Na ce ni ne.

Ya kalli abokinsa ya yi dariya. "An ce mini gwani ne. Ashe koyo yake."

Wallahi maganar ta soke ni fiye da yunwar. Bakina ya cika da bayani, na haɗiye. Ya ɗauki rikoda da batir da akwati ɗaya, ya ce fasasshen in riƙe abina, kuma dawar ba za ta cika buhu ba. Yaya ya tsaya a gefe bai sa baki ba. Labari ya zaga ƙauye, abokaina suka sami abin tsokana, duk inda na wuce sai a ce ga mai caki nan.

Dawar nan ita ta ja mu, da ƙyar, ana auna ta kamar magani. 'Yar Yaya ta ƙarshe ta rame har ta daina tafiyar da ta fara. Nakan zauna a ɗakina ina jin kukanta, ga gero a bayan ƙofata. Sau da yawa na ɗauko guduma na mayar.

Ranar da aka yi ruwan shuka, mutane suka bazama neman iri. Wasu suka shuka wanda aka kawo daga nesa, bai san ƙasarmu ba. Wasu gonakinsu suka zauna haka nan. Da safe Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce in fito da akwatin. Na sa guduma na ɓalle bayansa da hannuna, gero ya zubo da toka da auduga. Matar Yaya ta yi salati. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki sungumi ya fice, ko uffan bai ce ba. Muka bi shi da iri a ƙwarya, muka shuka. 'Yar Yayan nan ta warware da kaka, yanzu ma tana da nata 'ya'yan.

Shekara da shekaru na ɗauka wannan shirun na Yaya fushi ne. Ban taɓa tayar da zancen ba, shi ma haka. Har yanzu ina haɗa akwatuna in na sami sarari, kuma har yanzu in na tuna bazarar nan ba na iya cewa ga mai gaskiya tsakaninsa da Inna. Abin da na koya shi ne a irin wannan lokaci kowa a gida yana ɗauke da wani abu da bai faɗa ba.

Sai bayan rasuwar Inna, muna zaune a zaure an watse daga gaisuwa, na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar geron nan."

Ya kalle ni. "Wanne? Ai na riga ka sani. Ranar da na zo maka da maganar mai shayi, tun da safe ba ka nan na shiga ɗakinka na ɗaga akwatin don in ga ko babur zai ɗauka. Ni manomi ne, na san nauyin hatsi."

Na ce, "To me ya sa ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Da na yi magana, sai in buɗe. Kullum sai na wuce ta ƙofarka, ina roƙon Allah kada ɗayanku ya faɗa mini."