Littafin Da Na Yaga A Taron Safe

Edita, lokacin da abin nan ya faru na shekara goma sha ɗaya ina koyar da tarihi a wata sakandare a Birnin Gwari, kuma ina lissafa kaina cikin malaman da suka san aikinsu. Jan biro biyu ne a aljihuna, ina karanta duk jaridar da ta tsallake hanyar Kaduna ta iso mu, kuma na yi imani cewa ɗalibi littafinsa ne. Kowace Juma'a nakan tara littattafan rubutu in duba ko an kwafe abin da na cika allo da shi. Wanda nasa ya cika, mai ilimi ne. Wanda nasa ya yi giɓi, ya san inda ake durƙuso. Ashe duk shekarun nan saurin hannu nake aunawa, ina kiransa ilimi.

A lokacin ne ƙauyukan bakin daji suka riƙa watsewa saboda 'yan bindiga, yaransu suka kwararo mana, benci mai cin mutum uku ya koma cin biyar. A ofishin malamai kuwa muka samu bayani guda da ya dace da kowace matsala, wato daji. Yaro bai iya lissafi ba, daji ne, an rufe makarantarsu. Yaro na gyangyaɗi a aji, daji ne. Bayanin yana da daɗin riƙewa, domin sau da yawa gaskiya ne, kuma ba ya buƙatar malami ya sake wani tunani.

Cikinsu akwai wata yarinya daga wajen Dogon Dawa, tana zaune wurin gwaggonta a gari, aka sa ta aji uku. In na yi tambaya da baki ita ke fara ɗaga hannu. Takan maido mini darasin makon jiya har da barkwancin da na yi a ciki, wanda sauran ba su ga dalilin yi wa dariya ba. Amma littafinta abin tausayi ne: haruffa a juye, kalmomi a gutsure, layi biyu take samu kafin in goge allo. Na sa ta durƙuso har na gaji. Sai kwatsam littafin ya gyaru, tsaf kamar an buga da inji. Mako biyu na yi ina yaba wa kaina kafin in lura rubutun na maƙwabciyarta ne a benci, 'yar wani mai sayar da taki a kasuwa.

Da na kira su ba su wahalar da ni ba. 'Yar mai takin ta ce ita ke rubuta littafi biyu, ɗayar kuma takan zauna da ita ƙarƙashin darbejiya bayan an tashi, ta fayyace mata abin da darasin ke nufi, don ita hannunta na kwafa amma kanta ba ya kamawa. Na ce sunan wannan maguɗi. Washegari a taron safe na fito da su gaban makaranta duka, na yaga littafin gida biyu, sannan na miƙa wa yarinyar littafin tarihi na ce ta karanta sakin layi ɗaya kowa ya shaida. Ta san abin da ke shafin, don ta taɓa faɗa mini shi da ka. Ta tsaya tana bin layi da yatsa, ta haɗa kalma uku, ta huɗun ta gagara. Yara suka yi dariya. Ni kuma na yi jawabi a kan gaskiya da riƙon amana, jawabi mai kyau, har wani malami ya yaba.

Na rubuta wa shugaban makaranta cewa a mayar da ita aji ɗaya, ta cike shekarun da daji ya cinye mata. Ranar kasuwa mahaifinta ya zo, manomi ne, hularsa a hannu, yana Hausa da karin harshen Gbagyi. Ya ce ba gardama ta kawo shi ba, roƙo ne. Yarinyar ta ce masa in aka haɗa ta aji da sa'annin ƙannenta ba za ta iya zama ba, kuma cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta kai sakandare. Na shiga yi masa bayanin makarantun da aka rufe. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, daji ya raba mu da gona, wannan gaskiya ne. Amma karatun nan ba daji ba ne. Tun tana firamare aji ɗaya haka take, lokacin da muke kwana ƙofa a buɗe." Na ce masa, Baba, ka bar mana aikinmu. Ya yi godiya ya tafi.

Aka mayar da ita. Zango ɗaya ta yi a bayan aji, ta fi kowa tsawo, ba ta ƙara ɗaga hannu ba, kuma bayan hutu ba ta dawo ba. 'Yar mai takin kuwa, da littafinta cikakke, ta faɗi jarrabawar tarihi. Ko wannan bai farkar da ni ba, na ce lalaci ne.

Sai bayan shekara guda wata abokiyar aikinmu ta dawo daga bita a Kaduna, aka tara mu ta ba mu rahoto. Na shiga da jarida, kamar yadda nake shiga kowane taro. Ta yi bayanin wata matsala da ake kira disleksiya: yaro yana da basirarsa, amma ƙwaƙwalwarsa na shan wahalar haɗa haruffa da sautinsu. Ba lalaci ba ne, ba iska ba ce, ba kuma rashin zuwa makaranta ba. Ta ce ana ƙara wa irinsu lokaci, a riƙa gwada su da baki, kada a tilasta musu karatu a bainar jama'a, kuma a haɗa su da abokin da zai rubuta musu darasi. Na ninke jaridar. Abin da aka kwashi malamai har Kaduna su koyo, yara biyu sun ƙirƙiro shi da kansu, ni kuma na yaga shi.

Na nemi gidan gwaggon, aka nuna mini shagon wata mata inda yarinyar ke koyon ɗinki. Ta gaishe ni da ladabi, har ta kawo mini kujera. Na ba ta haƙuri, na ce na yi magana da shugaban makaranta, ta koma ajin sa'anninta, ni da kaina zan riƙa yi mata tambaya da baki. Ta ce ta yafe tuntuni, ba ta riƙe ni a rai ba. Sannan ta ce, "Amma Malam, waɗanda suka yi dariyar nan suna nan har yanzu. Ba zan iya ba." Na koma sau biyu, amsar ba ta canja ba.

Har yau ina duba littafi ranar Juma'a, sai dai kafin in yanke hukunci nakan zauna da yaro in ji abin da ke kansa. Yanzu haka akwai wani ɗalibi a ajina da ke toshe kunne in an kaɗa ƙararrawa, ba ya kallon mutum ido da ido, ba ya son a canja masa wurin zama. A da, da rashin kunya zan kira shi. Malamar nan da ta je bita Kaduna ta ce yana iya zama abin da ake kira otizim. Muka bar masa wurinsa kusa da taga, ana gaya masa kafin a kaɗa, kuma yana zuwa kullum.

'Yan'uwana malamai, musamman mu da ke yankunan da fitina ta taɓa, kada mu ɗora wa daji komai. In mahaifi ya ce tun yaron yana ƙarami haka yake, ku saurare shi, ko da bai taɓa riƙe alli ba. In kun ga yara sun tsara wata dabara a tsakaninsu, ku tambayi abin da take magance musu kafin ku ba ta suna, kuma kada ku yi gwaji da mutuncin yaro a gaban taro. Ni dai an yafe mini, ina kan aikina. Ita kuwa karatunta ya tsaya a ajin da na mayar da ita.