Haƙorin da Saniyar Kawu Ta Karya

A shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, shanun kawuna na ƙauyen Kamarawa suka rame har wasu ba sa iya tashi da kansu. Ina koyarwa a firamare a Isa lokacin, duk ƙarshen mako nakan hau babur in je in taya shi aiki. Da safe mukan zura sanda a ƙarƙashin cikin saniyar da ta kwanta, mu huɗu mu ɗaga ta, mu riƙe har ƙafafunta su tsaya. Wata safiya ina ta wajen kai, wata jar saniya ta fizge, ƙahonta ya same ni a baki. Na tofar da jini da rabin haƙorina na gaba.

Ciwon bai daɗe ba, amma a aji sai iska ta riƙa fita ta gurbin, ina karanta Sin yara suna jin Shin. Na koma koyarwa da hannu a baki. Kawu ya lura, abin ya dame shi fiye da ni.

"Ɗana, wurin dabbata ka rasa hauren nan," in ji shi. "Za ni Sakkwato da kai."

Na ce, "Kawu, ana ta rai wa ke ta haƙori?"

Ya bar wa ƙanensa garken muka tafi.

Likitar haƙoran mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce tushen yana da rai, za a goge abin da ya saura a sa masa hula ta tangaran. Ta auna, muka koma gida.

Da muka dawo karɓa, ta ɗora hular ta ba ni madubi. Fari fat, kamar an fasa faranti an dasa mini. Ni dai na yi murna, na fara godiya. Ita kuwa ta ɓata fuska.

"Malam, taso mu je bakin taga."

A hasken rana ta sa na buɗe baki. "Dubi naka na asali. Ka ga bakinsa, can ƙasa? Haske yana ratsa shi, kamar farcen da ya ɗan yi tsawo. Sama kuma ya fi duhu, ya ɗan yi ruwan ƙwai. Wannan sabon, haske dukansa yake yi ya dawo. Daga nesa za a gane."

Kawu ya matso ya leƙa, ya daɗe yana kallo. "Gaskiya ta faɗi. Wanga bai yi kama da na mai rai ba."

Ta kawo wani allo mai jerin haƙoran gwaji, kowanne da launinsa, tana kara su da nawa ɗaya bayan ɗaya. Ta kira mai haɗa haƙoran ya zo ya gani da idonsa, ta nuna masa har wani ɗan farin ɗigo da ke jikin na kusa da shi, ta ce a sa irinsa. Raina bai so ba, don hanyar da nisa, ga dabbobi suna jira. Kawu ya ce mu yi haƙuri mu sake dawowa.

Na biyun da aka sa, na tsaya bakin tagar nan ina juya kai, sai da na taɓa da harshe kafin na tabbatar wanne ne. Da muka isa gida Inna ta kama haɓata ta juya ni wajen rana, ta duba, ta nuna wani daban ta ce shi ne.

Na koma aji na sauke hannuna. Yanzu goro ya rina sauran haƙorana, shi kuwa yana nan yadda likitar ta zaɓe shi, har ya ɗan fi 'yan'uwansa haske. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Likitar ban sake ganinta ba, ban san inda aiki ya kai ta ba, amma ina sa su biyun a addu'a.