Takardar Goge Burushi

"Ai shi nake gaya miki, Yaya, ba ni na yi ba. Hannuna ne."

"Hannun aro ne?" in ji yayarsa, tana ture takardun da ya cika mata tebur da su.

Mai Fenti ya daɗe yana shafe gidajen mutane, kuma duk inda ya yi aiki a takardar buhun siminti yake goge burushinsa. Wata likita da ya yi wa fentin ofis ta tsinci guda, shuɗi ya hau ja kamar suna kokawa, ta sa mata gilashi ta rataye. Ta ce marasa lafiya kan zuba mata ido su natsu. Yanzu tana son ta biyu, shi kuwa ya riga ya amsa.

Tun daga ranar, zama ya gagare shi. Ya sayi farar takarda, amma duk abin da ya shafa da niyya sai ya fito kamar labule. Ya yaga, ya fita, ya dawo.

"Ranar da ka goge burushi a waccan, me ke ranka?" in ji yayar.

Ya jima yana murza hularsa. "Ranar aka kwantar da Inna a asibiti. Ban ma san na goge ba."

Yayar ta bar tsokana. Ta naɗe farar takardar, ta miƙo masa tsohon buhu.

"Je ka yi aikinka. Ka daina gadin hannun nan."

Ya cusa buhun a bokiti, ya saɓi tsani, ya nufi ƙofar da ke jiran fenti a ƙarshen layi.