Ranar da Baba Ya Kwashe Lambunsa a Faranti

Ko zan manta da komai a duniya, ban da auren 'yar ƙanina da aka yi a gidanmu, a ƙauyenmu na gefen Hunkuyi. Ba don shagalin ba. Shagali na masu shi ne, ni jidar kujeru aka ba ni.

Bazara ce, zafi kamar zai dafa mutum, ruwa bai sauka ba tukuna. Baba a lokacin ya haura tamanin, gwiwa ta hana shi zuwa gona, sai ya koma renon attaruhu a ɗan filin ƙofar gida. Gadon iri ɗaya ne, bai fi tsawon tabarma biyu ba, ya yi masa rumfar ciyawa. Irin kuwa nasa ne, shi yake zaɓensa kowace kaka tun muna yara. A shekarar ɓeraye suka shiga tulun da yake ajiye shi. Ɗan abin da ya rage duka ya zuba a gadon nan. In irin ya mutu, shi ke nan.

Ƙanina ya iso daga Kaduna da motarsa, ya dubi ƙofar gida, ya ce a nan za a kafa rumfar baƙi, a share wannan ciyawar. Bai iya faɗa wa Baba da bakinsa ba, ni ya tura. Dama haka ake yi mini. Ni ne na tsaya a aji biyu na sakandare, ni ne na zauna a gida, don haka duk aike mara daɗi nawa ne. Amma gaskiya da murna na tafi. So nake Baba ya ƙi, in ga an yi wa mai mota tsawa a gaban mutanensa.

Baba ya saurare ni, ya tambayi mutum nawa ake jira. Na faɗa masa. Ya ce, "Ba za a zaunar da baƙin jikata a rana ba. Je ka ce wa matan su ba ni farantai."

Sati uku ke nan da tsirowar irin, bai isa dashe ba, in aka tuge shi mutuwa zai yi. Sai Baba ya jiƙa gadon sharkaf, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya riƙa yanka ƙasar da tsohuwar adda, yana zura ta ta ƙarƙashi, yana ɗago ƙasa da saiwa gaba ɗaya zuwa cikin faranti. Ya hana ni taɓawa, wai hannuna akwai fushi. Matan gida suna ta mita a kan farantan tuwon biki. Ya ci gaba da aikinsa har ya cika faranti tara.

Saura ruwa. Girkin biki ya ƙarar da rijiyar gida har guga na kwaso laka. Ranar ɗaurin aure na fito na tarar ya jera farantan a inuwar katanga, daidai inda aka ajiye butoci. Duk wanda ya zo alwala sai ya ce masa, "Alhaji, matso nan, yi a kan wannan." Manyan mutane da shaddodinsu suka riƙa tsugunawa a kan attaruhu. Ƙanina ya rasa inda zai sa fuskarsa. Liman kuwa dariya ya yi, ya ce yau ruwansa ya yi aiki biyu, ya ƙara gyara tsuguno.

Faranti shida suka rayu. Da ruwa ya sauka muka dasa, yana zaune a kujera yana nuna mini tazara da sandarsa. Damina biyu ya ƙara gani, Allah ya jiƙansa.

Ni da an taɓa ni sai in hau faɗa, in yi kwana uku ban kula kowa ba, a ƙarshe kuma abin nawa ya salwanta. Tsohon nan bai ɗaga murya ba, bai hana kowa inuwa ba, bai kuma rasa irinsa ba. A ranar na gane fushi bai taɓa tsare mini komai ba. Har yau ban iya irin halinsa ba, amma na daina ɗaukar nawa jarumta.