Gonar Baba a tsallaken titi

Duk sanda na ji wani ƙosasshe a rediyo yana cewa a ƙara wa motoci izinin gudu a babban titi tunda an gyara hanya, sai in ji kamar in zura hannu cikin akwatin in finciko shi. Da can wa ya hana su? Allon da aka kafa a bakin garinmu mai nuna iyakar gudu, ban taɓa ganin direban da ya ɗaga ido ya dube shi ba. Awaki kaɗai ke morar inuwarsa.

Garinmu yana bakin titin da ya fito daga Kano ya ratsa Kura. Gidaje na gefe guda, gonakin rani na ɗaya gefen, haka muka tashi muka tarar. Lokacin da titin ke cike da ramuka dole mota ta lallaɓa, Baba kan ɗaga wa direba hannu ya tsallaka da fartanya da tiyon ban-ruwa a kafaɗa, wani sa'in har su gaisa. Da aka sake titin ya yi sumul, aka kuma gina katangar kankare iya ƙugu a tsakiya, sai zuwa gona ya zama tashin hankali.

Saurayi kan dafa katangar ya dira. Baba kuwa gwiwa ta ƙi, sai ya zauna a kai, ya cicciɓi ƙafa ɗaya da hannu ya tsallakar, sannan ɗayar, iskar tirela na kaɗa masa riga. Shi kuma noman kanal ba ya jiran kowa. Ranar da aka sako ruwa a layinku, in ba ka je da sassafe ka kafa tiyo ba, na sama da kai su sha, na ƙasa su janye ragowar, shinkafarka ta zauna da ƙishi sai wani zagayen. Gonar nan Baba ya noma tun zuwan ruwan kanal, da ita ya ciyar da mu, da ita ya kai ni makarantar da na fito malama.

A shekarar da aka sake titin ne ƙanena ya dace da kasuwar tumatir, kuɗi suka shigo masa, hankali ya fita. Mutumin da duk harkarsa ba ta wuce gona da masallaci da teburin mai shayi ba, ya je Kano ya jajibo wata tsohuwar mota da aka yi wa sabon fenti. Ɗakin matarsa na yoyo, amma motar kullum sai an yi mata wanka da ruwan garuwa. Mukullin ma ba ya shiga aljihu, yana kan yatsa yana juyi don kada wani ya manta.

"Yaya, kin cika ƙorafi," in ji shi. "An gyara muku titi kuna kuka. Yanzu kafin ki shanye kokonki na shiga Kano."

"Me ka ajiye a Kanon?"

"Ci gaba ke nan, ba za ki gane ba. Baba kuwa daga yau ni zan riƙa kai shi gona."

Wata Asabar ta faɗo ranar sako ruwa a layinmu, ba makaranta, sai na bi su. A tafiya ba laifi, sai dai mun yi nisa kafin mu samu inda katanga ta buɗe, muka juyo. Gonar da ake hangowa daga ƙofar gida, sai da muka kusa garin gaba. Ƙanena yana ta tsaki kan man da yake ƙonawa. A gonar ma bai taka kunya ba, yana jingine da mota yana danna waya, Baba na cikin taɓo yana jan ruwa.

Da za mu dawo, ya dubi ƙafar Baba, ya buɗe but ɗin bayan mota ya ɗauko buhun taki ya shimfiɗa a kujera.

"Baba, ko za ka ɗan ɗauraye ƙafar a kanal?"

Baba ya koma bakin ruwa ya wanke ƙafa tas, ya zo ya zauna a kan buhun kamar kayan da aka ɗauko. Ni ce na kasa haɗiyewa, na ce wa ƙanena taɓon nan da yake ƙyama shi ya saya masa motar. Ya ƙara ƙarar rediyo.

Da muka hau titi sai ya ce ba zai sake wannan zagayen ba, akwai mahaɗa kusa. Ya kunna fitilu ya bi hannun da ba nasa ba, abin da suke kira wan-we, suna fahariya da shi kamar wata gwaninta. Ba mu yi nisa ba tankar mai ta taso tana hon. Ya fizge sitiyari, muka faɗa cikin shanyar shinkafar wasu mata a gefen kwalta, goshin Baba ya bugi gilashi. Matan suka yo kanmu da salati da zagi. Ƙanena ya fito a guje, ya zagaya, ya tsuguna yana shafa gefen motar yana neman inda ta kuje. Sai da ya gama ya leƙo.

"Baba, ba ka ji ciwo ba ko?"

"Buɗe min ƙofa," in ji Baba.

A ƙasa muka ƙarasa gida, kuma bai sake shiga motar ba. Daga nan ni na koma tsallakar da shi kafin in wuce makaranta, in riƙe masa hannu, in tallafe shi a katanga. Na san yana jin nauyin a ga 'yarsa tana jan sa a idon gari, amma ya daure saboda shinkafar ta fara ciki.

Wata safiya, ranar sako ruwa, muka tsaya a bakin titi muna jiran sarari. Mota ta wuce, wata ta biyo, tirela, bas, babu mai sassautawa, babu mai ko kallonmu. Na ja shi, ya taka kwalta ya janye. Na sake ja, ya sake janyewa. Daga inda muke muna hango maƙwabcin gonarsa ya riga ya kafa tiyo. Rana ta ɗaga, na san an buga ƙararrawar makaranta, ban damu ba.

"Baba, bayan wannan farar sai mu ruga."

Farar ta wuce, bai motsa ba. Ya sauke tiyon daga kafaɗa ya miƙo min.

"In kin tsallaka ki ba shi," ya ce, yana nuna maƙwabcin da haɓa. "Ki ce ya haɗa da tawa ya noma. Ni na gama."

Na tsallaka ni kaɗai. Da na waiwayo daga kan katanga, yana nan tsaye inda na bar shi, yana jira ya ga na isa lafiya kafin ya juya gida.