Kujerar Malam Zakiru da Muryar Tsoho Arzika

Ƙarfe bakwai na safe Malam Zakiru yake buɗe rumfarsa a bakin kasuwar Dakoro. Ya jingina pano, faifan da ke tara wutar rana, inda rana za ta same shi, ya haɗa da batir, ya share tebur, sannan ya juya kujerarsa. Sauran masu gyara bango suke fuskanta, mai kaya ya tsaya yana kallon ƙeyarsu. Shi kuwa gefe yake zama, mai kaya ya zauna kusa da shi, ido huɗu a kan gilashin na'ura ɗaya. A wuyansa akwai igiya ɗauke da kile goma sha ɗaya, 'yan ƙananan ma'ajiyai da ake soka wa na'ura, kowanne da zaren launinsa, kowanne da irin sistem ɗin da ke ciki, wato abin da ake zuba wa ordinater, kwamfuta ke nan, kafin ta iya aiki.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki. Da rediyo ya fara, ya koma salula, ya ƙare a tsofaffin ordinater na hannu, irin waɗanda sabon sistem ke dubawa ya ce bai san su ba. Yanzu idanunsa sun gaji, ƙarshen watan nan zai rufe rumfa.

In za a faɗi gaskiya, garin nan bai taɓa sakin jiki da shi ba. An ce yana cire kayan ciki masu kyau ya maye da matattu. An ce yana karanta asirin mutane. Ba a taɓa kama shi ba, sai aka ce ai wayonsa ne ya yi yawa. Ni ma na faɗa. Abin da ya rufe mini baki ya faru ne wata Laraba, bara, ruwan shuka yana gab da sauka.

Fadimata, wadda ke aiki a gidan rediyon gari, ita ta shigo da hantsi rungume da ordinater. Bayanta maza biyu ne da ba sa kallon juna: Abdurrazak, wanta, wakilin makiyaya, da Ɗangoggo, wakilin manoman wani ƙauye a yankin Korahane. Rigimarsu a kan burtali ce, hanyar da dabbobi ke bi zuwa rijiya. Mutum ɗaya ɓangarorin biyu suka yarda da shi, Tsoho Arzika, wanda ya ga lokacin da aka shata hanyar. Fadimata ta ɗauki muryarsa yana bayani, bayan wata guda ya rasu. Muryar tana cikin wannan na'ura, babu ita a ko'ina, kuma na'urar ta daina tashi. Gobe Alhamis zaman sulhu. In aka zauna babu muryar, ruwa na sauka manoma za su shuka, dabbobi su biyo, sauran kuma kowa ya sani.

"Baba Zakiru, na kai ta Maradi," in ji Fadimata. "Sun ce sai an sa sabon sistem, kuma sai an share duk abin da ke ciki."

"Ba za a share komi ba, ɗiyata. Zauna."

Abdurrazak bai zauna ba. "Malam, ba kai ne surukin Elhaji Mutari ba? Wanda gonarsa ke bakin burtalin?"

"Ni ne."

"To ka ji. Kaf Dakoro an rasa mai gyara sai surukin manoma."

Ɗangoggo ya yi tsaki. "Mu da munka yarda ƙanwarka ta ɗauki muryar fa? Wa ya san abin da ta yanke?"

Zakiru ya duba na'urar. An ɗinke mata riga ta jan fata mai tuntaye, aikin dukawa, ta rufe bayanta da ƙasanta ruf, don kada yashi ya shiga. Ya ce a bari ya warware ɗinkin.

"A'a," in ji Abdurrazak. "Ni na sa aka ɗinka. Ba mai buɗe cikinta. Mun san labarin."

"To," in ji Zakiru.

Kai ne, Malam, kake da doka ɗaya da ba ka taɓa karyawa ba: kafin ka taɓa sistem, sai ka zare diski, ma'ajiyar da komai ke ciki, ka damƙa wa mai shi, ka yi gwajinka a kan naka. Ranar ma haka ka yi. Na'urar tsohuwa ce, ta gefe diskinta ke fita, ƙusa ɗaya. Ka zaro shi, ka sa a kwanon sha, ka rufe, ka ajiye a tabarma tsakanin mazan biyu. Abdurrazak ya ɗora hannu a kan murfin. Ɗangoggo ma ya ɗora nasa. Haka suka zauna kamar masu jiran a ce bisimilla.

Gwajin farko, da sabon sistem ɗin da Abdurrazak ya nace a sa, bai yi minti biyar ba. Rubutu ya fito cewa na'urar ba ta cika sharuɗɗa ba.

"Ta ƙi ke nan?" in ji Ɗangoggo, da wata murya da ba ta yi kama da ta mai baƙin ciki ba.

"Ba ita ta ƙi ba, shi ya raina ta. Akwai wanda bai raina tsofaffi."

Ya ciro kile mai koren zare, sistem marar nauyi. Na'urar ta karɓa, sai gilashin ya yi baƙi ƙirin. Fadimata ta dafe ƙirji. Zakiru ya kashe, ya kunna, ya danna wani maɓalli, ya rubuta layi ɗaya.

"Tsaya! Mi ka rubuta?" Abdurrazak ya miƙo wuya.

"Na ce masa ya bar neman hoto mai ƙyalli, ya yi da idon da ta ke da shi. Fadimata, karanta masa."

Ta karanta. Gilashi ya haska. Wani layi ya fara tafiya yana cika, ya wuce rabi, sai ɗif, na'urar ta mutu. Aka sake. Ta kai wuri ɗaya, ta sake mutuwa. An kira azahar, amma aka rasa mai fara tashi daga gaban kwanon, sai da Fadimata ta ce su tafi da shi masallaci in sun ga dama. Suka tafi da shi.

Da suka dawo, mutane sun cika bakin rumfa, ana ta raɗa. Hadari ya ɗan taso daga gabas, na ga Zakiru ya ɗaga kai ya dube shi, ni ma zuciyata ta ce: mutumin nan jan lokaci yake yi. Na'urar ta mutu karo na uku, Abdurrazak ya miƙe tsaye.

"Wallahi da gangan ne! So kake rana ta faɗi, surukinka ya shuka gero a kan hanyarmu!"

Zakiru ya kamo hannunsa a hankali, ya kai shi ƙarƙashin na'urar. Abdurrazak ya fizge yana yarfewa.

"Wuta ce?"

"Rigarka ce. Ta nan ta ke numfashi, ka toshe mata hanci. In zafi ya kai mata, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Abin da ya lalata tsohon sistem ɗin ma ke nan. Da safe na ce a warware, ka ce ka san labarin." Ya miƙa masa reza. "Yanke da hannunka."

Ɗangoggo ya kwashe da dariya. "Ashe ɓarawon da muke nema shi ke riƙe da kwano!"

Abdurrazak ya yanke ɗinkin yana gumi. Ramukan iska sun toshe da ƙura da gashin fata, fankar ciki ko motsi ba ta yi. Zakiru ya hura su da famfon keke a gaban kowa, ya ɗora na'urar a kan marufan kwalba huɗu. Layin ya tashi, ya wuce rabi, ya wuce inda yake mutuwa, ya cika. Kafin la'asar sistem ya zauna.

Sai aka buɗe kwano. Zakiru ya haɗa diskin da na'urar ta waya ta waje, ya janye hannuwansa, ya ce Fadimata ta danna da kanta. Muryar Tsoho Arzika ta fito, siririya, hayaniyar kasuwa tana danne ta. Mu na kusa mun ji: burtali ya taso daga rijiya, ya bi tsakanin aduwa biyu. Aduwoyin nan kuwa yau a cikin gonar Elhaji Mutari suke.

"Mi ya ce?" in ji Abdurrazak daga baya.

Ɗangoggo ya yi tari. "Bai fito sosai ba. Tsufa ne."

A nan ne, Malam, da ka yi shiru babu mai zarginka. Aikinka ya ƙare, muryar ta fito. Amma ka jawo lasifikar wata tsohuwar rediyo daga ƙarƙashin tebur, ka haɗa, ka mayar da maganar baya, ka murɗa ƙara har mai tsire na tsallaken hanya ya ji aduwa biyu. Sannan ka zuba muryar a kile biyu, ɗaya ga Abdurrazak, ɗaya ga Ɗangoggo.

Ranar Alhamis aka yi sulhu. Ranar Asabar ruwa ya sauka, Elhaji Mutari ya bar tsakanin aduwoyin ba shuka. Wata biyu bai amsa gaisuwar surukinsa ba, Hamsatu ma, ɗiyar Elhajin kuma matar Zakiru, ta yi kwana uku tana ajiye wa mijinta tuwo ba ta ce ga shi ba. Rigar jan fatar tana rataye a rumfar har yau. Abdurrazak ne ya ce a bar ta nan.

Zakiru na Hamsatu, mai aiki hannu a fili, mun zarge ka shekara da shekaru kana jin mu, ba ka taɓa rantsuwa ba, kujera kawai ka juya. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu gyara, da duk wanda ake damƙa wa kayan mutane, rumfar nan za ta rufe ƙarshen wata. Kafin nan ku je ku ga yadda aka ajiye kujerar, ku koma ku juya taku.